Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

A watan Yuli na 2005, sa'ad da hatsi bai kai ga fid da kai ba, rumbuna kuma sun daɗe da komawa wofi, wata tawagar talabijin ta BBC ta sauka a Maraɗi. Ƴar jaridar da ke jagorantarta, Hilary Andersson, ta shiga cibiyar jinyar tamowa ta ƙungiyar likitocin MSF, aka ɗauki hotunan yara masu ƙirji kamar kwando da iyayensu mata zaune bisa tabarmi, aka watsa su a duniya. Abin da ya biyo baya sananne ne. Tun watan Nuwamba na 2004 gwamnatin Nijar ta nemi agaji, ba a kula ba. A watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi dalar Amurka miliyan 16, aka yi kunnen uwar shegu. Da hotunan suka fita, cikin ƴan makonni kuɗi suka soma kwarara, jiragen kaya suka soma sauka, har a watan Agusta aka ɗaga adadin da ake nema zuwa miliyan 81. A wannan shekara kaɗai MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a ƙasar, mafi yawansu a jahar Maraɗi.

Duk mai adalci zai yarda cewa hotunan nan sun ceci rayuka. Akwai samari da ƴan mata a Agye da Gazawa da Gidan Rumji, yau sun haura shekara 20, waɗanda wata ƙila da ba su kai labari ba in da kyamara ba ta iso ba. Wanda ya musa wannan, ya musa rana tsaka. Amma magana ba ta ƙare nan ba, domin hoto wuƙa ne: duk abin da ya nuna, sai da ya yanke wani abu ya yar.

Abin da aka yar a 2005 yana da yawa. Hoton bai nuna kasuwannin jahar ba, inda hatsi yake jibge amma kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu tsakanin kaka da tsakiyar damina, har tiya ta gagari talaka. Bai nuna harajin kashi 19 cikin 100 da aka ɗora wa wasu kayan masarufi a farkon shekarar ba, ko yadda birane suka rufe shaguna a watan Maris don ƙin tsadar rayuwa. Bai nuna manomin da ya ci bashin hatsi da bazara, ya biya ninki da kaka ba. Bai kuma nuna garin Ɗan Saga na gundumar Agye ba, inda manoma suka daina tumɓuke kututtukan sabara da kalgo da gawo, suka koma renon tohonsu, suka kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya. Wannan sassaben zamani, wanda ya bazu a jahar tun shekarun 1980, shi ne masana suka ƙiyasta daga baya cewa ya mayar da itace wajen miliyan 200 bisa hekta kusan miliyan 5 a jahohin Maraɗi da Damagaram. Itacen da ke girma a hankali ba ya shiga labaran ƙarfe takwas na dare. Yaro mai kuka yana shiga.

Hukuma ma ta gane ƙarfin hoton, sai dai ta ɗauke shi abokin gaba. A watan Agusta na 2005 shugaba Mamadu Tanja ya faɗa wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar, ƙarancin cimaka ne irin wanda aka saba. A watan Afrilu na 2006 aka janye izinin wata tawagar gidan da ta komo jahar Maraɗi neman labarin. A 2008 aka dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi. Ke nan an yi shekara uku ana ja-in-ja a kan fuskar yaron Gidan Rumji, wannan yana cewa a nuna, wancan yana cewa a ɓoye, babu wanda ya juya ya tambayi uwar da ke riƙe da shi yadda take so a ba da labarinta.

A can Turai da Amurka akwai wasu masu fasaha da suka mayar da wannan tambaya sana'arsu. Abin da suke yi shi ne Faransawa ke kira installation vidéo, a Hausa kuwa ana iya ce masa ɗakin nutso. Ɗaki ne mai duhu da ake shiryawa musamman, a kafa manyan allunan majigi biyu ko uku ko fiye, sauti yana fitowa ta kowace kusurwa, ta yadda mai kallo ba ya zama a gaban hoto kamar a gidan sinima, tsakiyarsa yake shiga ya nutse. Tun shekarun 1960 Nam June Paik, mutumin Koriya, ya soma tara akwatunan talabijin yana juya su, domin ya nuna yadda akwatin ya mallake mai shi. Ɗan Gana John Akomfrah, wanda ya girma a Ingila, ya jera alluna uku a aikinsa Vertigo Sea na 2015, ya haɗa cinikin bayi da farautar kifin teku da nutsewar ƴan ci-rani cikin teku guda.

Wanda ya fi kusa da labarin Maraɗi shi ne aikin Alfredo Jaar, mutumin Cili, mai suna The Sound of Silence, na 2006. Ƙaton akwati ne na ƙarfe, bangonsa ɗaya cike da fitilu masu kashe ido. Mutum yana shiga ya zauna cikin duhu minti 8, ba kiɗa ba murya, sai rubutu fari da ke bayyana yana ɓacewa, yana ba da tarihin Kevin Carter, mai ɗaukar hoto na Afirka ta Kudu, wanda a 1993 ya ɗauki hoton wani yaro da yunwa ta durƙusar a Ayod ta kudancin Sudan, ungulu tana tsaye a bayansa. Jaridar New York Times ta buga hoton, aka ba Carter lambar Pulitzer a 1994, ya kashe kansa ƴan watanni bayan haka. Can wajen ƙarshe sai wasu fitilu su walƙa a fuskar mai kallo kamar shi ake ɗauka, hoton ya bayyana ƙiftawar ido ya ɓace. Sannan rubutun ya sanar da shi cewa, a lokacin, haƙƙin sayar da hoton yana hannun kamfanin Corbis na attajiri Bill Gates. Aiki ne na mai hankali, kuma ya yi gaskiya: ya hana ido abin da ya zo ci, ya tilasta masa tambayar wa ya ɗauka, wa ya saya, wa ya ci riba.

In da duk ɗakunan nutso haka suke, da babu abin faɗa. Sai dai wata da'awa ta taso a cikinsu wadda ya kamata a tare ta tun ba ta yi jijiya ba. Da'awar ita ce wai nutsewa cikin hoto tana mayar da mai kallo abokin wahala. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da Clouds Over Sidra, fim ɗin da ake kallo da wani tabarau mai rufe fuska, aka kai shi taron attajirai na Davos domin su leƙa sansanin ƴan gudun hijira na Za'atari a Jodan ba tare da sun tashi daga kujera ba. Ɗaya daga cikin masu shirya shi ya kira dabarar na'urar tausayi. A 2017 Alejandro González Iñárritu na Meziko ya kafa Carne y Arena a bikin fina-finai na Cannes, inda baƙo ke tuɓe takalmi a wani ɗaki mai sanyi, ya taka yashi na gaske, ya yi minti shida da rabi yana bin ƴan ci-rani a hamadar iyakar Amurka. A wannan shekarar kuma Richard Mosse na Ailan ya nuna Incoming a Landan, bisa alluna uku, da hotunan masu ƙetara teku waɗanda ya ɗauka da kyamarar soja mai hango zafin jikin mutum daga nisan kilomita 30. Fuskoki a cikinta fari fat suke, idanu baƙaƙe, kamar fatalwa.

To, masu iya magana sun riga sun yanke wannan shari'a: ganin Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya sayi tikiti, ya taka yashi minti shida, ya fito ya mayar da takalminsa ya nufi gidan shayi, bai ɗanɗani komai ba sai tausayin kansa. Abin da ke mayar da tafiyar hamada azaba shi ne rashin ƙofar fita, ɗakin nutso kuwa yana da ƙofa da mai gadi da lokacin tashi. Haka nan abin da ke mayar da watan Yuli abin tsoro ga matar Gangara shi ne lissafin da take yi da dare, tsakanin akuya ɗaya da ta rage da sauran kwanakin da ke gabanta kafin sabon hatsi. Babu majigin da ke haska wannan lissafi a cikin wanda ya ƙoshi. Hasali ma haɗarin ya fi haka, domin wanda ya yi hawaye a ɗakin duhu yana fita da jin cewa ya sauke wani nauyi, alhali bai san kuɗin tiya ba, bai san sunan gari ko ɗaya ba.

Ga kuma maganar riba. Waɗannan ayyuka suna zargin gidajen labarai da cin kasuwar wahalar talaka, kuma zargin yana bisa hanya. Amma su a ina ake nuna su, wa ke sayensu, da wane harshe aka rubuta bayaninsu? Gidajen kallo na Landan da Milan da Benis ne ke ɗaukarsu, masu tara kayan fasaha ke biyan kuɗinsu. Tsohuwar hanyar gyaɗa ce aka sake bi: a noma ta a ƙasar Maraɗi, a loda ta ɗanya, a matse manta a wani wuri, riba ta zauna can. A da fuskar talaka ɗanyen kayan ɗan jarida ce, yanzu ta zama ɗanyen kayan mai sukar ɗan jarida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai gardin ya ƙaru ya zama biyu. Yaron da ke cikin hoton Carter, shekara 18 duniya tana kiransa yarinya, sai a 2011 jaridar El Mundo ta Sifaniya ta nemo mahaifinsa, aka ji cewa namiji ne, ya tsira daga yunwar, zazzaɓi ne ya kashe shi shekaru bayan haka. An yi ta rubutu a kan ungulu da mai kyamara, tambayar da ta fi sauƙi ita ce ta zo ƙarshe.

Daga nan wasu ƴan boko na gida sukan yi tsalle su dire bisa hukuncin da ya fi musu daɗi: wai tunda haka ne, wannan duk shirmen ƙoshi ne na Turawa, wanda bai shafi ajin da ke da ɗalibai fiye da bencinsa ba. Waɗannan sun fi na farko kuskure, domin su a gida suke kuma suna gani.

Da farko, sukar hoto ba baƙuwa ba ce a Nijar. A 1966 Mustafa Alasan ya shirya Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da hulunan kaboyi da bindigogi, ya rarraba wa abokansa, suka canza sunaye, suka hau dawaki suka addabi garinsu, domin sun ɗauki abin da suka gani a sinima gaskiya. Ya yi wannan shekara guda kafin Guy Debord ya buga littafinsa La Société du spectacle a Faransa. Kuma tun 1964 ƙasar nan ta shigar da akwatin talabijin cikin aji, shekara 15 kafin a buɗe Télé Sahel. Kafin duk wannan akwai tashe da wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon manya a gabansu domin gari ya ga kansa ya yi dariya ya gyara. Wanda ya ce duba hoto da idon zargi al'adar wasu ce, bai san tasa ba.

Na biyu, kyamarar da a 2005 sai an hawo jirgi da ita, yau tana aljihun ɗan ajin ƙarshe na kwaleji. A kowace fada ta samari, daga Tsibiri zuwa Gazawa, akwai salula da ke zagayawa hannu zuwa hannu da bidiyon WhatsApp da TikTok. Mota ta faɗi a hanyar Maraɗi zuwa Tasawa, kafin a ɗauke gawa an ɗauki hotonta an tura, wani lokaci uwa a salular maƙwabci take fara ganin ɗanta. Mai hali ya ba gwauruwa buhun shinkafa, sai ya tsayar da ita a rana, buhun a gabanta, a ɗauka a sa a Facebook. Wasu ƙungiyoyin gida ma, waɗanda shugabanninsu suka fi kowa zagin ƴan jaridar waje, ba sa rufe rahotonsu sai da hoton yaro mai jan gashi, domin sun koyi cewa shi ke buɗe jakar mai ba da tallafi. Darasin 2005 ya shiga, amma ta baibai ya shiga. Wanda ya ƙi koya wa ɗalibi karatun hoto a irin wannan zamani, daidai yake da wanda ya ba shi littafi ya hana shi baƙaƙe.

Abin da ya rage shi ne a karɓi dabarar a sauya mata alƙibla, kuma akwai waɗanda suka gwada. Renzo Martens na Holan, wanda fim ɗinsa Enjoy Poverty na 2008 ya nuna yadda talauci ya zama hajar da Kwango ke fitarwa ba tare da talakan ya ga ko sisi ba, shi ma an zarge shi da cin wannan kasuwa. Daga baya ya haɗa kai da ƙungiyar masu fasaha ta ma'aikatan gandun kwakwar manja, CATPC, wadda aka kafa a 2014. A 2017 suka buɗe gidan kallo a Lusanga, tsakiyar tsohon gandun kamfanin Unilever, suna sayen gonaki da kuɗin ayyukansu suna dasa itace. A 2024 su ne suka riƙe rumfar Holan a bikin Benis, ana nuni a can ana yi a Lusanga lokaci guda. Ana iya sukar wannan tsari ta fuskoki da dama, amma ya amsa tambaya ɗaya da sauran suka tsallake: ina masu fuskar suke sa'ad da ake kallonsu? A Nijar ma akwai masu hannu: Sani Elhaj Magori na Galmi ya mayar da kyamara garinsu a fim ɗinsa na albasa na 2008, A'isha Maki kuma ta shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram a fim ɗinta Zinder na 2021, mutanenta suna magana da bakinsu.

Ɗakin nutso ba ya bukatar Benis. Aji guda ne a kwalejin Agye ko ɗakin taron gidan matasa da al'adu, a toshe tagogi da zannuwa, a rataya farin ƙyalle a bango uku, a aro majigi daga wata ƙungiya, a jona shi da batirin hasken rana. A bango na farko a haska rahoton 2005 yadda duniya ta gan shi. A na biyu a bar wata uwa ta garin, wadda ta yarda, ta faɗi da Hausa abin da ta sayar a shekarar, da wanda ya ranta mata, da inda ɗanta yake yau. A na uku a nuna gona guda ta Ɗan Saga, da rani da damina, gawo yana zubar da ganye hatsi yana tashi ƙarƙashinsa. Mai kallo zai tsaya a tsakiya, ba zai iya duban bango uku lokaci guda ba, dole ya zaɓa, kuma a wannan zaɓen ne zai gane da jikinsa abin da mai kyamara ke yi kullum. Malamin Faransanci yana da darasin nazarin hoto a nan, malamin Hausa yana da na adabin baka da rubuta hira, malamin tarihi yana da shaidun da babu su a littafin aji.

Sharuɗɗan aikin huɗu ne, kuma su ne aikin kansa. Ba a ɗaukar kowa sai da yardarsa, bayan an gaya masa inda hoton zai je. Wanda ya so a faɗi sunansa a faɗa, wanda kunya ko addini ya hana shi nuna fuska a ɗauki hannunsa ko muryarsa. Nuni na farko a garin da aka ɗauka za a yi shi, masu magana suna zaune a gaba, da ikon su ce a cire abu. Kwafi kuma ya zauna a hannun makaranta da ƙungiyar garin, duk wanda ya so shi daga waje ya zo ya roƙa. Za a ce babu kuɗi. Ƙungiyar da ke iya hayar kujeru da lasifika don bikin rufe taro tana iya wannan. Za a ce fama tsohon miki ne. Mikin yana nan cikin rumbun hotunan kamfanonin waje, ana hayarsa ga duk mai bukata, masu shi kaɗai ne ba su taɓa ganinsa ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara 20 ke nan da wani abu ana ba da labarin daminar 2005 da Ingilishi da Faransanci, a jaridu da littattafai da rahotanni, irin su littafin Niger 2005, une catastrophe si naturelle da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka tsara a 2007. Matan da suka yi layi a ƙofar cibiyoyin tamowa suna nan da ransu, da yawansu sun yi jikoki, kuma kowace shekara ana rasa wasu. Kafin hutun damina mai zuwa, kowace makarantar sakandare ta waɗannan gundumomi uku tana iya aika ɗalibai biyar da salula ɗaya su zauna gaban ɗaya daga cikinsu, su gaishe ta, su nemi izini, su saurara.